Ɗakin da Kika Ce In Zauna Kyauta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya sauwaƙe miki ciwon ƙafar da tsayuwar aiki ke jawo miki. Mu nan lafiya lau. Inna ta samu sauƙin tari, har ta koma faɗa da kajin maƙwabta, kin kuwa san in ta fara wannan to ta warke.

Na je na duba gidajen nan biyu da kika ce za ki sayi ɗaya ki zuba 'yan haya. Karatuna bai yi nisa ba, amma aikin kwashe kayan masu tashi daga gida ya nuna mini abin da ke korar mutum daga ɗaki. Ban taɓa ɗaukar kayan wanda ya tashi don fenti ya koɗe ba. Rashin ruwa ne, ko danshi, ko rigimar mitar wuta ɗaya ga gida guda. Mai sabon fentin nan da dillali ke ta yabo, na bari aka yi ruwan sama na koma. Na dafa gindin bango hannuna ya jiƙe, na kuma ga masu ɗakunan sun ɗora katifunsu a kan bulo. Ɗayan tsoho ne, ƙofofinsa sai an tura da kafaɗa, amma famfonsa na kawo ruwa, kuma akwai wata mai ɗinki da ta yi renon 'ya'yanta duka a ciki ba ta tashi ba. Shi nake ba ki shawara. Takardunsa dai a kai wa lauya ya duba, wannan ya fi ƙarfina.

Sai maganar ɗakin bakin ƙofa da kika ce in zauna kyauta in riƙa kula da gidan. Yaya, da Inna ta gaya mini sai da na fita waje na share hawaye. Amma ki yi haƙuri, ba zan karɓa a haka ba. Tun ba a sayi gidan ba Kawu ya zo yana cewa ɗansa ya gaji da gidan haya, ai gidan 'yar'uwa gidan kowa ne. Goggo ta aiko a tambaya ko akwai ɗaki mai taga biyu. Ba mugunta ba ce, haka muka saba. To in na shiga kyauta, da wane baki zan ce ɗan Kawu ya biya? Kafin a ankara gida ya cika da dangi, kwano ya fara yoyo babu na gyara, gumin da kika yi nesa da mu ya tafi a banza. Na taɓa kwashe kayan wani dattijo da ya sayar da gidansa don ya kasa tashin 'yan'uwansa. Sai da muka sauke kaya ya ce mini yanzu ba shi da gida, su kuma ba sa amsa gaisuwarsa. Tun ran gini, tun ran zane.

Na gaya wa Inna, ta yi dariya ta ce ni tun ina yaro ba na cin abu sai na juya bayansa, amma ta yarda. Saboda haka ki yanka mini haya daidai da ta kowa, kada ki rage, kuma zan biya da sanin dangi. Duk wanda ya zo neman ɗaki zai tarar ƙaninki uwa ɗaya uba ɗaya ma biya yake yi, sai ya haƙura ba tare da an ɓata ba. Shara da gyaran famfo kuwa aikin ƙani ne, ba a lissafa shi. Alherin da nake roƙo ɗaya ne, ki bar ni in zama ɗan hayarki na farko.

Inna na gaishe ki ƙwarai, Kawu da Goggo ma haka. Ki gaishe mini da maigidanki, ki shafa kan takwarar Inna da yaron nan naki Sarkin Rigima. Allah Ya sa wa abin albarka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne ƙaninki,
Auta