Gaurakan da Ban Shaida Ba

Zuwa ga sanyin idona, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata, abokiyar ƙidayata da babu kamarta,

Ina yi miki sallama irin ta mai laifi, kaina a ƙasa. Ki gaida min Mama, da Yaya wanda na roƙa ya miƙo miki wannan takarda, ko da yake hararar da ya watsa min a shagonsa ta isa ta sa mutum zazzaɓi.

Yau kwana ashirin da shida rabonki da ƙungiyarmu ta masu kallon tsuntsaye. Wayyo ni! Ina kika tafi da muryarki, wadda ta fi kukan kanari daɗi a kunnena? An haɗa ni ƙidaya da tsohon ma'aikacin gidan waya, mutumin kirki, amma in na ce masa balbela goma sha biyu sai ya ce in maimaita, kafin ya gama rubutawa sun kai wata unguwa. Ke kuwa tun ban rufe baki ba kin rubuta. Ina kewarki, kewar da ke hana ni cin abinci, har almakashi na rasa a shagona jiya alhali yana hannuna.

Na san ba ki manta da Asabar ɗin nan ba, ni ma ita nake ta juyawa. Da safe muna bakin fadama, madubin hangen nesa a wuyana, takardar ƙidaya a hannunki, kika ja numfashi kika ce gauraka! Kafin in juya ya faɗa bayan ciyayi. Da yamma a ɗakin taron laburare, Dakta mai binciken tsuntsayen ruwa ta gama jawabinta ta kashe majigi, kika ɗaga hannu kika ce kin ga gauraka. Har miƙewa ta yi don murna, ta ce shekara tara ba a gan shi a wajen ba. Sai ta tuna dokarmu, cewa tsuntsun da ba a saba gani ba sai mutum biyu sun shaida kafin a rubuta shi. Duk ido ya dawo kaina. Na ce ban gani ba. Shugaba, mai bakin nan da ba ya gajiya, ya ce ai zalɓe ne ya sa hula. Aka kwashe da dariya. Kika ajiye fensirinki a kan kujerar roba kika fita.

Ki saurare ni, hasken safiyata. Ban taɓa shakkar idonki ba, ko sau ɗaya. Ban ga gaurakan ba ne saboda ke nake kallo! Rana ta fito ta bayanki, raɓa ta jiƙa gefen mayafinki, kina cizon fensir kina ƙirga agwagin ruwa da leɓe. Wane mai rai ne zai bar wannan ya kalli ciyawa? Kunya ce ta hana ni faɗa a gaban mutum talatin. Da na ce na gani, da an tafa miki, amma da na zama mutumin da ke iya yi miki ƙarya mai daɗi, ni kuwa aurenki nake so. Laifina shi ne shirun da na yi da Shugaba ya buɗe baki. Wannan kam ban da hujja, ki yafe min.

Tun daga ranar, kullum kafin in buɗe shago sai na je fadamar. Sauro ya ci rabonsa, ɗinkin mutane ya taru, Inna ta ce ko aljanu ne suka shafe ni. Shekaranjiya Talata, ga shi tsaye a kan ƙafa ɗaya, da tukkunsa kamar sabuwar tsintsiya! Na juya in gaya miki, babu ke. Hawaye ya zubo min, wallahi. Na kai wa Shugaba labari, ya ce ina mai shaidata? Ya ce idon mai soyayya ko kaza ya gani dawisu ce. Yanzu na ɗanɗana abin da na ɗora miki.

Asabar mai zuwa za a rufe ƙidayar bana a miƙa wa Dakta, a kuma sake raba abokan aiki. In ba ki zo ba, gaurakanki ba zai shiga takarda ba, ni kuma a ba ni wani har shekara ta zagayo. Zan tsaya gindin gawon nan na bakin fadama ƙarfe bakwai na safe. Ki zo, don Allah ki zo! In kin gan shi, aka tambaye ki a taro, kina da iko ki ce ba ki gani ba. Zan tsaya a gaban kowa in shanye dariyar, in dai daga bakinki ta fito kina kusa da ni.

Naki shi kaɗai, yau da gobe da ranar da ido zai daina gani,

Telanki