Jan Ɗigo a Tashar Gummi

Zuwa ga Yaya Hudu,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, ya aikin haƙar zinari a can Anka? Wayarka ba ta shiga, shi ya sa na ba Rabe direba wannan takarda.

Yaya, raina a ɓace yake. Tun da ka ce za ka dawo ranar kasuwa, Inna ba ta fashin zuwa tasha, ta tsaya inda motocin Anka ke sauke mutane har la'asar. To, yanzu an kafa wasu na'urori masu hasken lesa a kan turaku a tashar, wai don tsaro. Ba sa ɗaukar fuska, kowa ɗigo ne a allon kwamfuta, ana ganin inda ya bi. Wanda ya daɗe tsaye wuri ɗaya, ɗigonsa sai ya koma ja.

Na Inna ya yi ja. Masu gadi suka tasa ta gaba a idon jama'a, wai ko tana kai wa ɓarayin daji rahoto ne. Da aka gane ta, aka ba ta haƙuri.

Na zaci za ta daina zuwa. Ina! Yanzu zagaya tashar take yi da gwiwar nan tata mai ciwo, tana jan ƙafa, don kada ɗigon ya sake yin ja. Don Allah ka zo, ko ka aiko cewa ba ka zuwa, ta zauna gida.

Ƙanwarka,
Barakatu

Yaya Hudu,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah Ya sa kana lafiya.

Inna ta rasu ranar kasuwar da ta wuce.

Stella, mai duba allon, ta zo gaisuwa tana kuka. Ta ce duk sun san ɗigon Inna, shi ne mai zagaye a hankali. Ranar nan ya tsaya jikin katanga, ya yi ja. Kunyar abin da suka yi mata a baya ta sa suka ce a ƙyale tsohuwa ta huta. Ashe jiri ne ya kwashe ta, ta zame ta jingina. Sai da tasha ta watse aka taɓa ta, aka ga rai ya yi halinsa.

Ban ji haushin Stella ba. Naka nake ji, kuma ina kewarka.

Rabe ya dawo mini da takardar farko, bai same ka ba. Duk da haka zan ba shi wannan. In ta riske ka, ka taho gida kai tsaye. Babu mai jiranka a tasha.

Ƙanwarka,
Barakatu