Sauka, Ina Riƙe

Assalamu alaikum jama'ar duniya baki ɗaya! Gaisuwa mai tarin yawa ga mutanen Gumel da kewaye, maza da mata, masu babbar waya da masu ƴar tocila. Gaisuwa ga ƴan majalisar bakin tasha da sukace Habu bazai wuce Kano ba. Gaisuwa ga ƴan ɗakinmu na unguwar Mansura a nan Doha mu takwas masu munshari, harda kifayen tekun Doha da zasu fara ganin fuskata ranar Asabar, su shirya. Mai magana Habu Kwaɗo ne, Sarkin Rijiyoyin Gumel murabus, Sarkin Ruwan Ƙatar mai jiran gado.

To amma ku ɗan matsa gefe, wasiƙar nan ba taku bace. Ta Yayana ce, Yaya Sale mai yasar rijiya. Dayake bashi da babbar waya, kuma ko yana da ita ba lalle ya ɗaga kirana ba, Malam Idi mai caji dan Allah ka tsallaka gidan ka karanta masa. Kar ka tsallake ko layi ɗaya, harda wajen da na tona asirin kaina.

Yaya ina gaisuwa irin ta ƙani. Ya iyali, ya Anti Hanne da yara, ya aiki. Kayi haƙuri da rubutun, kasan ni da biro bamu taɓa shiri ba. Kusan shekara huɗu kenan rabon da inji muryarka, duk saƙona sai dai Anti Hanne tace kace ka gode. Na san dalili, kuma yau zan faɗeshi da bakina kowa yaji.

Amma bari in fara da albishir. Yaya ƙaninka ya zama daiba! Mai nutso a teku, da takarda da hoto da hatimi. Sana'armu ce fa ta gida, kawai dai nan rijiyar bata da bango. Hular ƙarfe ake kifa maka mai gilashi a gaba, nauyinta kamar ka ɗora turmi a ka. Daga hular akwai tiyo mai kawo iska, da wayar magana, da igiya, duk an tufkesu waje ɗaya har zuwa kan jirgi. A can sama akwai mutum ɗaya da bashi da wani aiki sai riƙe wannan tiyon, ya saki in ka matsa, ya tattara in ka dawo. Tenda suke ce masa. Ka riƙe maganar tendan nan, zamu dawo kanta.

Ka tuna yadda muke yi? Kai zaka ɗaura min igiya a ƙugu, ka ja ƙullin sau biyu ka tabbatar, sannan kace, Bismillah, sauka ina riƙe. Ni kuma in zura kamar ƙadangare, mata suna leƙe ta katanga. Me ban ciro ba a rijiyoyin garin nan? Guga ba adadi, buta, ɗankunnen amarya, kazar Liman da ranta. In na fito ayi ta tafi, ni ake ba fura mai sanyi. Kai kuma kana gefe kana naɗe igiya. Kuma in ina ƙasa ko sallama akayi maka baka amsawa, igiyar na kan yatsanka idonka a bakin rijiya. Har tsokanarka nake ina cewa Yayana kurma ne in yana aiki.

Nazo Doha da aikin gadi. Wata ƙofar sito nake tsarewa wadda ko kyanwa bata sha'awar shiga. Ana haka korona ta sauka, aka rufemu a kam ɗin ma'aikata can wajen Asian Town, ba shiga ba fita. Mutane duk sun yi jugum, kowa na tunanin gida. Ni kuwa kasan bakina baya hutu. Na dinga basu labarin rijiya, kullum rijiyar tana ƙara zurfi. Wadda mukayi gaba goma agida, kafin a buɗemu ta kai gaba sittin harda kada a ciki.

A cikin masu saurare akwai Baba Isaka, mutumin zangon Kumasi, direba ne a wani kamfanin masu nutso. Dattijo ne baya dariya da wuri. Da aka saki gari, aka shiga hidimar shirin ƙwallon duniya, ko'ina gini, bakin ruwa ma aiki ya yi yawa, sai ya kirani yace, Habu, rabin maganarka ƙarya ne, amma rabin da ya rage ya isa, zo in kaika wajen mudir ɗinmu, wato manajan kamfanin. Na bi hanyar canjin kafil, wato ubangidan da bizata take hannunsa, da wahalarta, Allah ya taimaka aka sakeni.

Ranar gwaji na saka sabuwar riga, ina tunanin a ranar za'a kifa min hula. Mudir wani tsoho ne fari mai jan wuya, ya kaini bakin wani kwamin wanka yace yalla, yi iyo ka kai can ƙarshe ka dawo. Yaya, a nan asiri ya tonu. Ashe ban iya iyo ba! Ni duk rayuwata ƙasa nake yi in dawo sama, ban taɓa tafiya a kwance cikin ruwa ba, ina rijiya taga fili? Na faɗa, na nutse kamar dutsen niƙa. Da naji ƙafata ta taɓa ƙasa sai nace to ai shikenan, na kama tafiya da ƙafa a gindin kwamin hankalina kwance, saida na kusa rabi aka tsamoni da sanda. Mudir yayi dariya har yana tari. Yace bai taɓa ganin wanda baya tsoron ruwa kuma bai iya ruwa ba sai ni. Yace in je in koyi iyo duk Juma'a, kafin nan ga tiyo in riƙe.

Tenda, Yaya. Ni Habu Kwaɗo aka ba riƙon igiya.

Tsaya tukuna! Jama'a masu leƙen wasiƙar mutane, tunda kun karanta har nan kyauta, duk wanda yasan mai tahowa Doha kallon ƙwallo, a bashi yajin ƙuli da daddawa da kuka ya taho min dasu. Ba roƙo nake ba, umarnin sarki ne. Shinkafar ƴan Indiya ta kusa canza min yare. Masu cika min waya da tambayar yadda ake shiga aikin nan kuma, ku saurara sau ɗaya. Aiki akwai: kankare gindin jirgi, yanke raga daga farfela, duba ƙafafun gada, masu ilimi har walda suke a ƙarƙashin ruwa. Amma sai likita ya duba kunnenka da huhunka har haƙori, sai kaje makarantarsu ka samo takarda, kuma dan Allah ku koyi iyo tun agida kar kuyi abin kunyata. Duk ejan ɗin da yace daga jirgin sama zai zuraka teku, ƙarya yake, ya fini ma. To ku koma gefe.

Yaya, sama da shekara ina tsaye a rana da tiyo a hannu. Wanda nake riƙewa sunansa Raju, mutumin Indiya, ɗan siriri mai ƴaƴa mata biyu da yake nuna min hotonsu kullum. Shi zai fito a tafa masa, ni ina gefe ina naɗe tiyo. Abin yana cina, ban ɓoye maka ba.

Rannan da hantsi ya sauka cire tsohuwar raga da ta naɗe farfelar wani jirgi. Ruwan wajen duhu ne, ko hannunka baka gani. Na'urar magana tana ta ƙoƙo-ƙoƙo, dama ta saba, mudir yana bubbugata yana tsaki. Baba Isaka yazo yana min magana akan abincin rana. Wallahi ban jishi ba. Tiyon yana kan yatsana, ban san ma yaushe na koyi ɗorashi haka ba. Mutum in yana aiki a ƙasa akwai yadda igiya take wasa, ta ja ta saki, ta ja ta saki. Sai naji wasan ya tsaya. Ta ɗaure gefe guda, tana wata ƴar rawa ƙanana-ƙanana. Na ja sau ɗaya, alamar kana lafiya? Shiru. Na sake ja. Shiru.

Na kurma ihun da saida ƴan jirgin maƙota suka leƙo. Mudir ya kalli fuskata sau ɗaya, bai tambayi komai ba ya tura daiban da ke zaune cikin shiri. Ashe raga ce ta naɗe hannun Raju da tiyonsa, wayar magana ta tsinke, wuƙarsa ta faɗi, ga ruwa yana jansa yana matseshi jikin ƙarfe. Ƴan mintuna ne kawai kafin a yankoshi. Amma Yaya a mintunan nan na tsufa. Ba abin da zan iya sai riƙewa. Ga ran mutum a tafin hannuna, ga hoton ƴaƴansa a idona, kuma in na ja da ƙarfi in ƙara ɗaureshi, in na saki in rasa shi.

A wajen nan na tuna rijiyar gidan Hajiya Talatu.

Malam Idi, nan ne wajen, ka ɗaga murya. Ranar Yaya yace in jira a zura fitila tukuna a gani ko iskar ƙasan tana da kyau. Ni kuma naga ƴanmata sun taru, nace fitila ta matsorata ce, na sauka. Ban kai ruwa ba kaina ya juya, daga nan ban san komai ba. Ban yi kira ba, ban ja igiya ba. Yaya ne yaji a yatsansa. Shi kaɗai ya jawoni, ƙato dani, igiya ta sale masa fatar hannu duka biyun. Sati biyu da cokali yake cin tuwo. Ni kuma da na farfaɗo naje majalisa nace da ƙafata na tako bango na fito. Yana zaune a wajen yana jina, hannu a naɗe da tsumma.

Kuma ranar da zan taho, a tasha, da wani ya tambaya wa zai dinga shiga rijiya yanzu, nace mai shiga ne dai za'a sha wuyar samu, riƙon igiya kuwa ko turken jaki zai iya. Aka kwashe da dariya. Yaya, kai ka ɗauko min jakata tun daga gida a kanka. Ka ajiyeta a hankali kusa da ƙafata, ka juya. Ni ina ta jin daɗin an yi dariya.

Jama'ar Gumel ku shaida, ƙarya nayi. Ban tako ba, jawoni akayi. Duk rijiyar da na shiga a garin nan na fito, Sale ne ya fito dani. Ni kwaɗo ne kawai mai baki.

Da Raju ya dawo daidai ya rungumeni yana kuka yana yarensu, nima na taya shi da Hausa. Mudir ya tambayeni wa ya koya min jin igiya haka, don shi bai koya min ba. Nace sunansa Sale, injiniya ne babba a ƙasarmu. Kaga ko a nan saida na ɗan ƙara gishiri, amma wannan karon kai na ƙarawa. Shine kamfani suka turani makarantar nutso. Jarabawar ruwa na cinye ta kamar tuwon sallah. Ta rubutu kuwa ta kayar dani sau ɗaya, Raju ya zaunar dani kullum bayan la'asar yana min bita kamar ɗan allo, a karo na biyu na haye da ƙyar.

Yanzu garin nan ya cika ya batse. In ka shiga jirgin ƙasa a Mansura sai kaga kowace irin halitta da ganguna da fenti a fuska. Ga wasu manyan jirage a tashar ruwa kamar unguwa guda, wai a ciki baƙi suke kwana. Kowa ƙwallo yake jira, ni Asabar nake jira. Ranar zan yi nutson aikina na farko, gindin wani jirgin katako mai yawo da baƙi zan duba. Raju ne da kansa yace shi zai riƙe min, kuma na yarda dashi har zuciyata.

Amma Yaya, ban taɓa sauka ko'ina da sunan aiki ba tare da naji kalmar nan daga bakinka ba. A makaranta na daure, nace ai koyo ne. Wannan kuwa na gaske ne, kuma ni da nake cika baki ina gaya maka tsoro nake ji. Yajin can da na roƙa wasa ne, ko ba'a kawo ba zan rayu. Abin da nakeso ka aiko min ɗaya ne. Ga wayar Malam Idi nan a hannunsa, zai danna maka wajen ɗaukar murya. Ba sai kace ka yafe ba in bai kai zuciyarka ba tukuna, wannan zan jira ko shekara nawa ne. Kalma ukun nan kawai da kake faɗa min a bakin rijiya. Zan sa a kunne kafin a kifa min hula.

Allah ya ƙara maka lafiya da ƙarfin hannu. Allah ya tsareka a bakin kowace rijiya, ya tsare wanda kake riƙewa yanzu, ya sa ya fini kunya. Allah ya raya mana yaran, ya saka wa Anti Hanne da alheri da ta yi ta ɗaukar saƙon mutum biyu masu taurin kai. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri, in zo in naɗe maka igiya da hannuna kowa yana kallo. Amin.

Wayata tana kunne, caji a cike.

Naka ƙaninka,
Habu, wanda ka jawo.