Fim Ɗin da Na Tura Bisa Kuskure Shi Suka Yaba

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Kaina ya kulle, kuma saura kwana goma sha biyu in ba da amsa.

Shekarata ashirin da takwas. Shekara biyar ke nan ina aikin tace bidiyo a wani shago da ke saman kantin magani. Bukukuwa muke ɗauka, da taron yaye ɗalibai. Aikina in zauna gaban kwamfuta in yanke duk inda wani ya yi hamma ko ya sosa hanci, in bar inda kowa ya yi kyau. Na iya, ba yabon kai ba. Amma tun ina jami'a burina in yi fim nawa na kaina, shi ya sa bana na cire tsoro na nemi gurbin digiri na biyu a makarantun fim guda biyu. Ɗaya babba ce mai suna. Ɗayar ƙarama ce, ɗalibai goma kacal take ɗauka a shekara, ko Ogana bai taɓa jin labarinta ba.

Kowacce ta ce a turo gajeren fim, sai na ɗauki Babana. Gyaran keken ɗinki yake yi, shekara arba'in, a wani ɗaki da ke jikin gidanmu, cike da kawunan kekuna da gwangwanayen madara da ya zuba kusoshi a ciki. Sati biyu ina bin sa da kyamarar da Oga ya ara mini. Wata rana ya gama gyara wani keke, ya zo gwadawa, sai zare ya ƙi shiga allura. Idonsa ya fara rauni, amma a gidanmu ba mai faɗa. Ya lashi zaren, ya gwada, ya kuskure. Ya goge tabarau da bakin riga, ya matsa jikin taga, ya sake. Minti uku cur. Bai ce in taimaka ba, ni ma ban kashe kyamarar ba. Da zaren ya shiga, sai ya yi 'yar dariya shi kaɗai, ya taka keken.

Da na zo tacewa na cire wurin gaba ɗaya. Ubana ne, ba zan nuna wa duniya gazawarsa ba. Na sa kiɗa mai daɗi, na gyara launi, fim ya fito tsaf. Shi na nuna wa Baba, ya ce ya yi, sai dai bai san haka hancinsa yake da girma ba.

To Anti, mu masu wannan aiki muna da muguwar ɗabi'a wajen sa wa fayil suna. Akwai “na ƙarshe”, akwai “na ƙarshe na gaske”, akwai “wannan ne wallahi”. Ranar turawa wata amarya na tsaye a kaina, wai sai na rage mata kumatu a bidiyonta. Na tura wa babbar makarantar daidai. Ƙaramar kuwa ɗanyen na tura mata, ba kiɗa, da minti ukun nan a ciki, ban kuma lura ba.

Duka biyun sun ɗauke ni, har da tallafin karatu, don haka ba maganar kuɗi ba ce. Wasiƙar babbar irin wadda ake tura wa kowa ce, suna kawai aka canza. Ta ƙaramar kuwa wata malama ce ta rubuto da kanta. Ta ce wurin zaren nan ne ya sa suka zaɓe ni, wai ba kowa ke da haƙurin barin kyamara ta jira mutum ba, kuma suna so su nuna fim ɗin ga dukan ɗalibai a makon farko. Na buɗe fayil ɗin da na tura musu na duba, na shiga banɗakin shago na yi kuka.

Ji nake kamar satar gurbin na yi, don abin da suka yaba ni da hannuna na jefar da shi. Ga Yayana ya riga ya baza labarin babbar makarantar a dangi, har hoton ƙofarta ya sa a fuskar wayarsa. Oga ya ce suna ake bi, kar in yi wauta. Mama ta ce ita ko'ina ne, in dai zan riƙa cin abinci. In na tafi babbar, maganar ta mutu, ba wanda zai sani. Amma wallahi zuciyata na wajen matar nan, na karanta wasiƙarta ya fi sau ashirin. In na gaya mata gaskiya, ba za ta janye ba? Baba kuma, da wane ido zan kalle shi in ya ji baƙi sun ga abin da ko 'ya'yansa ba sa ambata? Wacce zan zaɓa?

'Yar mai gyaran keke

*

'Yata, da farko barka. Makaranta biyu sun ce ki zo, ke kuma kina banɗaki kina kuka. Share hawayenki mu yi magana.

Ba ki saci komai ba. Wa ya riƙe kyamarar? Wa ya tsaya minti uku hannu bai girgiza ba, alhali ya saba yanke hamma tun kafin ta gama fita? Yatsarki ce ta yi kuskure ranar turawa, amma idon da malamar ta yaba naki ne. Abin da ba ki iya ba tukuna shi ne yarda da shi, kuma don irin wannan ake komawa makaranta. Cire wurin da kika yi ma ba laifi ba ne, tarbiyya ce. Na ji daɗin hakan.

Kada ki raina babbar don wasiƙarta ba zaƙi. Wurin da ɗaruruwan mutane ke nema ba zai zauna ya rubuta wa kowa tasa ba. Oganki bai yi ƙarya ba, suna yana buɗe ƙofa, kuma can za ki sami kayan aiki da mutanen da za su yi miki rana nan gaba. Kada kuma wasiƙa ɗaya mai daɗi ta ɗebe ki. A satin nan rubuta wa duka biyun. Tambaye su ɗalibi nawa ke raba kyamara ɗaya, fim nawa za ki gama da sunanki kafin ki fita, kuma wa zai zauna da ke a kan aikinki. Ita malamar, ki tabbatar ita za ta koyar da ke, ba sa hannu kawai ta yi ba. Nemi tsofaffin ɗalibai biyu daga kowacce, ki ji me suke yi yanzu. Su ba sa ɓoye komai.

In amsoshin sun zo kusa da juna, ni dai ƙaramar zan ce miki. Shekara biyar kina gyara wa mutane fuska, kin ƙware. Babbar ta ɗauke ki a kan abin da kika riga kika iya, ƙaramar ta hango wanda kike tsoro. Abu ɗaya ne ban yarda da shi ba: ki tafi babbar don ɓuya. In za ki je, ki je don ta fi.

Gaya wa malamar gaskiya a layi uku, ba dogon ban-haƙuri. Ina kyautata zaton dariya za ta yi, ita ma tana da nata fayilolin. In kuwa gaskiya ce za ta sa su janye, kin huta da su tun da wuri. Yayanki kuma ƙyale shi, canza hoton waya ba wuya.

Amma kafin duk wannan, Baba. Idonsa ne, haƙƙinsa ne. Kai masa ɗanyen fim ɗin gobe, ku biyu kawai, ki gaya masa yadda aka yi. In ya ce kar a nuna, ba za a nuna ba, ki sanar da makarantar haka. Sai dai ina so ki sake duba abin da kika kira gazawa. Ni abin da na karanta shi ne dattijo ya ƙi ajiye zare har sai da ya shiga. Wataƙila bai taɓa sanin akwai wanda ya gani ba, balle ya tsaya ya jira shi. Ki zauna kusa da shi, ki ɗauke hannunki daga kwamfutar, ki bari ya kalla har ƙarshe.

Allah Ya zaɓa miki mafi alheri, Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya sa ya ga fim ɗinki na gaba da idonsa.

Antinku