Ba Za A Rubuta Sunan Farfesa A Gidan Famfo Ba

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Shugaba da Kwamitin Amintattu da Majalisar Zartarwa da ɗaukacin mambobin Ƙungiyar Masu Binciken Ruwa da Makamashi sun samu labarin rasuwar uwarmu kuma malamarmu, tsohuwar Shugabar wannan ƙungiya, tsohuwar Shugabar Sashen Injiniyancin Muhalli a jami'a, Injiniya Hajiya Farfesa, wadda ɗalibanta na da da na yanzu suka fi sani da Mai Takalmin Roba, wadda Allah Ya karɓi ranta ranar Talata da hantsi a asibitin koyarwa bayan doguwar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Gaskiyar magana, wannan ƙungiya ta gaji da fitar da irin wannan sanarwa. A 'yan shekarun nan mun raka dattawanmu ɗaya bayan ɗaya, har kalmomin yabo sun fara yi mana nauyi a baki saboda yawan maimaici. Da so samu ne, da addu'a kawai za mu yi mu yi shiru. To amma rasuwar Farfesa ta zo da wata magana da ta shafi iyalinta, wadda ba za mu iya kawar da kai daga gare ta ba.

Marigayiya ta ƙarar da ƙuruciyarta da tsufanta a kan tambayar da mutane ba su cika yi ba: ruwa nawa ake sha kafin ƙwan lantarki ya kama? Ita ce ta koya wa da yawa daga cikinmu cewa tashar wutar lantarki mai ƙona gas ko gawayi ba ta aiki sai ta zuƙi ruwan kogi ta sanyaya injinanta, wani ya tashi sama ya zama tururi, wani ya koma kogi da zafinsa, kuma waɗanda ke noma da kamun kifi da shan ruwa a inda kogin ke gangarawa su ne ke jin abin a jikinsu idan rani ya tsananta. Ba ta yarda da binciken zaman ofis ba. Daga bakin kogi take wucewa aji da taɓo a takalminta na roba, kuma duk ɗalibin da ya kawo mata sakamako da takalmi tsaf-tsaf, takan dube shi daga sama har ƙasa ta tambaye shi ko kogin ne ya biyo shi ɗaki. Da yawa daga cikin manyan injiniyoyin da ake ji da su yau sun sha wannan tambaya, har da mai wannan rubutu.

Ɗakin gwajinta ɗan ƙarami ne a ƙarshen baranda, tagarsa ɗaya, fankarsa kuma ta fi ba da ƙara a kan iska. Abin dariya kuma abin takaici, matar da ta yi rayuwarta a kan wutar lantarki ta sha fama da ɗaukewar wuta fiye da kowa, domin da zarar an ɗauke, ruwan da ta ɗebo don gwaji yana iya lalacewa. Sai ta jido kwalaben ta kai gida. Maigidanta, dattijonmu, tsohon malamin makaranta, ya tuna mana a wurin zaman makoki cewa shekara da shekaru ba a shan ruwan firiji a gidansu sai an nemi izini, kuma akwai surukinsu da ya taɓa kwankwaɗar rabin bincikenta ya yi hamdala. Ya faɗa yana dariya, daga nan bai iya ƙarasa maganar ba.

Ba za mu yi wa jama'a ƙarya mu ce an saurare ta yadda ya kamata ba. An gayyace ta kwamitoci ba adadi. A tafa mata, a ba ta lambar yabo, a raka ta har bakin mota, washegari a ci gaba da abin da aka yi niyya. Ba ta taɓa ƙin wuta ba, ta san asibiti da makaranta da masu sana'a ba sa yi sai da ita. Abin da ta roƙa shi ne a riƙa sanyaya injina da ruwan gari da aka yi amfani da shi aka tace, musamman a watannin rani, a bar wa kogi nasa. Gwagwarmayarta ta ƙarshe ita ce a kan sabon gidan famfo da kamfanin wutar lantarki ya gina wa tasharsa ta bakin kogi domin zuƙo ruwa a saman inda gari da manoma ke ɗiba. Ta halarci zaman ƙarshe na kwamitin da ya duba batun ginin tana dogara sanda, ciwo ya riga ya ci ta, ta yi bayaninta a zaune, aka gode mata, aka amince da ginin. Da ta fito, ta zauna a kan benci a baranda ta daɗe, ta ce wa Shugabanmu ita kam ta gaji, ba ta riƙe kowa a zuci ba, abu ɗaya take roƙo, kada wani ya taɓa cewa da yardarta aka yi.

A nan ne maganar da ta shafi iyalinta ta shigo. Ranar Alhamis, tawagar kamfanin wutar, ƙarƙashin jagorancin Mai Girma Babban Manajan Darakta, ta je gida ta'aziyya, kuma muna gode musu da wannan karamci. A gaban jama'a, ƙarƙashin rumfa, jagoran tawagar ya bayyana cewa kamfani ya yanke shawarar sanya wa sabon gidan famfon sunan marigayiya idan an zo buɗe shi wata mai zuwa, amincewar iyali kawai ake jira, kuma ɗanta na fari zai kai amsa ofis idan ya koma aiki. Ga wanda bai sani ba, wannan ɗa nata injiniya ne a tashar, a sashen sanyaya injina. Ita da kanta ta ƙarfafa masa gwiwa ya karɓi aikin, ta ce gara a samu wanda ya san darajar ruwa a ciki. Yana da mata da yara ƙanana, a gidan ma'aikata yake zaune, kuma lokacin da ake wannan sanarwa shugaban sashensa yana tsaye kusa da shi. Ɗan ya sunkuyar da kai, kamar yadda ya kamata ga wanda aka binne mahaifiyarsa shekaranjiya.

Bayan tawaga ta tafi, maigidan marigayiya ya ja Shugabanmu da wasu dattawan ƙungiya gefe, can wajen da aka ajiye motoci. Ya ce shi bai san ruwa ba sai na sha da na alwala, mu ne muka san abin da Hajiya ta tsaya a kai, don haka ya damƙa mana maganar gaba ɗaya, abin da muka yanke shi ke nan. Sharaɗinsa ɗaya ne, don Allah kada a tsayar masa da yaro tsakanin mahaifiyarsa da abincin 'ya'yansa.

Saboda haka Majalisar Zartarwa ta zauna, kuma tana sanar da jama'a matsayinta. Muna kyautata zaton cewa girmamawa aka nufa, kuma mun karɓe ta a matsayin haka. Amma ba za a rubuta sunan Farfesa a jikin ginin da ta tafi kabarinta tana ƙi ba, domin duk wanda ya wuce ya karanta allon zai ɗauka ta amince, alhali ba ta amince ba. Wannan amsa tamu ce, ba ta iyali ba. Ba mu tambayi ɗanta ra'ayinsa ba, bai faɗa mana ba, ba ma kuma so ya faɗa. Wanda ransa ya ɓaci da wannan mataki, ofishinmu yana nan a bene na biyu, ƙofa a buɗe take, mu tsofaffi ne, mun saba da ɓacin ran manya. Idan kuma da gaske ana son a girmama ta, to a kashe famfo ko da ɗaya ne idan kogi ya ja baya da rani. Wannan ba ya buƙatar allo ko yankan ƙyalle.

A madadin Shugaba da dukkan mambobi, muna miƙa ta'aziyyarmu ga maigidanta da 'ya'yanta da jikokinta da 'yan'uwanta, da Hukumar Jami'a, da ɗalibanta da ke warwatse ko'ina. Allah Ya jiƙanta, Ya gafarta mata kurakuranta, Ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara, Ya ba ta hutun da ba ta samu a wurinmu ba. Allah Ya ba iyalinta haƙurin jure wannan rashi, mu kuma idan tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Roƙonmu na ƙarshe ga shugabanni da ma'aikatan tashar ne. Ranar Litinin ɗan marigayiya zai sa kayan aikinsa ya dawo bakin aiki, kuma ba ya ɗauke da wata amsa, mun riga mun bayar. Idan ya shigo, ku yi masa gaisuwa kamar yadda ake yi wa kowane mutum da uwarsa ta rasu, ku bar shi ya wuce wurin aikinsa.

Sa hannu:
Sakataren Yaɗa Labarai kuma Kakaki,
Ƙungiyar Masu Binciken Ruwa da Makamashi,
a madadin Shugaba da Majalisar Zartarwa.