Baba Ya Kasa Hura Gawayi

Yayana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan aikin titi bai ƙarasa gasa ka ba. Tunda ka zaɓi dajin da waya ba ta shiga, ga takarda ta hannun direban tifarku, sai ka yi haƙuri da rubutuna.

Baba ne ba lafiya. Kada gabanka ya faɗi, yana tsaye da ƙafarsa, har faɗa yana yi. Mura ce ta fara, ta sauka ƙirji. Tari yake yi, majinar kalar tsatsa, in ya ja numfashi sai ya dafe haƙarƙarin dama. Jikin nan zafi zau.

Abin da ya tsaya mini a rai gawayi ne. Tun muna yara, ka taɓa ganin Baba ya bar wani ya hura masa dutsen guga? Mafici ma cewa yake na ragwaye ne, da baki ake hurawa. To rannan ya buɗe dutsen, ya sunkuya ya hura, gawayin ko ja bai yi ba. Ya sake, sai tari. Ya miƙo mini dutsen, kansa a ƙasa, ya ce, "Auta, taimaka." Wallahi sai da na ji tsoro.

Ya ce sanyin ruwan wanki ne ya shige shi, maganin sanyi kuwa zafi. Ya dawo da shimfiɗarsa ɗakin guga, ya sa na toshe tagar da tsumma, kaskon gawayi na ci a gefensa. Na karɓo masa ƙwayoyi a kyamis. Ka sa shi a addu'a.

Ƙanwarka, Auta

Zuwa ga ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, sai dai ta hana ni sukuni. Ki gaida mini Baba, Allah ya ba shi lafiya.

Na karanta wa malamin jinyar sansaninmu abin da kika rubuta. Ya ce ba ya yanke hukunci daga nesa, amma alamun sun yi kama da nimoniya, wato ciwon huhu. Ba sanyi ne ke shiga mutum ba, ƙwayoyin cuta ne, su kama huhu ya cika da ruwa, iska ta rasa wurin zama. Ya ce ta fi kayar da yara da tsofaffi, balle wanda ya yi shekaru yana shaƙar hayaƙi. Ki tuna tun kafin a haife mu Baba yake kan gawayi, ga tabar da bai daɗe da bari ba.

Don Allah ki buɗe tagar nan, ki fitar da kaskon, ki kai shi asibiti a duba ƙirjinsa. Kada ki biye masa.

Na bar ki lafiya.
Yayanki

Yaya,

Salamu alaikum, ranka ya daɗe mai ba da umarni daga daji! "Kada ki biye masa." Kai da ko ido ba ka iya haɗawa da shi? Na karanta masa takardarka, ya ce a gaya wa injiniya ya ji da kwaltarsa. Wai in ya kwanta asibiti wa zai goge kayan mutane, ko so muke a ce Baba Mai Guga ya riƙe rigar wani ranar da ya yi alkawari? Na zare tsumman taga, ina juya baya ya mayar.

Amma kwantar da hankalinka, alhamdu lillahi sauƙi ya samu. Zazzaɓin ya tafi gaba ɗaya, jikin har sanyi yake yi in na taɓa. Da ya ga haka ya ce ƙwayoyin sun gama aikinsu, sauran a ajiye. Tarin ma ya ragu. Barci yake ta yi, sai dai a zaune, ya jingina da ƙullin kaya, wai kwanciya na danne shi. Numfashin ne dai sama-sama, ni na ce gajiya ce. Abinci bai dame shi ba.

Har raha ya dawo da ita. Ɗazu ya kira ni da sunan marigayiya Inna, wai na yi maka wanka kuwa, kada ka makara makaranta! Na yi dariya har da hawaye. Sai ya ɗauki dutsen guga ba wuta a ciki, ya yi ta goge hannun riga ɗaya. Na ce, "Baba, yau tsokana ake ji?" Ya yi murmushi. Leɓensa ya yi duhu, amma ka san mai gawayi.

Ka ga da mun ɗaga hankali a banza. Ka kula da kanka.

Auta

Auta,

Sallama. Ki ajiye duk abin da ke hannunki. Baba ba sauƙi ya samu ba, kuma ba wasa yake miki ba. Malamin jinya ya ce in tsoho mai ciwon huhu ya rikice, jikinsa ya yi sanyi, leɓe ya yi duhu, to iska ba ta isar sa, cutar ta ci ƙarfinsa. Tarin ba warkewa ya yi ba, ƙarfin yin sa ne babu.

Na roƙi direba, ba zai sauke kaya ba sai ya kai ku asibiti. Kada ki nemi izinin Baba. Ki kira mai shagon kusa, shi da direba su cicciɓe shi, in ya zage ki ki ce ni ne. Yanzu, don girman Allah.

Yayanki

Yayana,

Assalamu alaikum. Daga bencin asibiti nake rubuto maka. Bai zage ni ba, Yaya. Da ma ya zage ni. Suka ɗauke shi kamar ƙullin wanki.

An yi hoton ƙirji, likita ta ce huhun duka biyu sun kamu, kuma cutar ta fara shiga jini. Sun sa masa robar iska a hanci, ga ƙarin ruwa, ga allurai ta jijiya. Ta tambaye ni ɗakin da yake kwana, na faɗa mata, ta rufe ido kawai. Ta ce, "Tun yaushe ya fara rikicewa?" Na ce ai ni na ɗauka raha ce. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dafa kafaɗata ta wuce.

Ina zaune ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka, in ya ɗan jinkirta sai nawa ya tsaya. Mahaifina yana neman iska a gabana, ni ina dariya. Tsoro nake ji, Yaya, ban taɓa jin irinsa ba. Likita ta ce ba ta cire rai ba, amma ba ta yi alkawari ba. Ka nemi izini ka taho.

Taka, Auta

Yaya,

Salam. Direba ya gaya mini shugabanku ya ce sai an gama gada. Ka ce masa ya riƙe gadarsa.

Baba ya buɗe ido ɗazu. Ya gane ni, ya kira ni Auta. Na ruga na gaya wa likita da murna, sai ta ce in akwai wanda ya kamata ya gan shi, a kira shi.

Da na dawo ya ja robar gefe, da ƙyar ya ce, "Ina yayanki?" Na ce kana hanya. Tun lokacin idonsa na kan ƙofa.

Kada ka mayar da ni maƙaryaciya.

Auta