Na Ce wa Makaranta 'Yata Musulma Ce, Babanta Bai Sani Ba

Salama alaikum mai wannan shafi da duk masu karantawa, Musulmi da Kirista. Ina gaishe ku, ya gida, ya yara, ya haƙuri da rayuwa. Don girman Allah a ɓoye sunana. Kuma ina roƙo, kafin wani ya zage ni ya daure ya karanta har ƙarshe, don zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni. Karatuna bai yi nisa ba, a aji huɗu na tsaya, in kun ga kuskure ku yi haƙuri.

Ni Bahaushiya ce, Kirista, daga wani ƙauye a bayan Zoza ta ƙasar Rogo. Iyayena Kirista ne, kakata ma a coci aka yi mata jana'iza. Shekarata ashirin da bakwai, 'ya'yana biyu. Mijina makanikin injin ban-ruwa ne, shi ya sa muka dawo Karaye shekara uku da suka wuce, don nan masu lambu suke. Muna zaune a bakin gari. Maƙwabtanmu na kusa sun san addininmu kuma ba mu taɓa samun matsala da su ba, amma 'ya'yansu wata makarantar suke zuwa. Babbar 'yata zan kira ta Hannatu. Ba shi ne sunanta ba, amma nata ma irin wanda Musulmi da Kirista duk suna sawa ne.

Ranar da na kai ta a sa ta a firamare, babanta ya tafi gyara, ni kaɗai na je. Na sa hijabin da na saya a kasuwa, don ba na son a riƙa kallona. Muna shiga harabar makarantar sai na ga yara uku zaune a gindin darbejiya, sauran kuwa duk suna cikin aji ana karatu da ƙarfi. Ɗaya yana zane a ƙasa da tsinke, ɗaya tana korar akuya daga jakarta, ƙaramin cikinsu yana ta leƙen taga. Na tambayi wata mai sayar da awara, na ce waɗannan laifi suka yi? Ta ce, "A'a, Kiristoci ne. Darasin addini ake yi, su kuma ba su da malami, sai su jira a gama." Ba da mugunta ta faɗa ba, tana ma juya awararta.  Amma ni ma na yi irin wannan zaman. Na san yadda minti arba'in yake tsawo in kana waje kana jin muryar 'yan ajinku. Na san yadda ake komawa aji kowa ya juyo ya kalle ka, wani ya matsa da littafinsa. Ba talauci ne ya fitar da ni daga makaranta ba, ni na ce wa babana na gaji, ya yi faɗa har ya haƙura.

Muka shiga ofis. Malamin ya buɗe babban littafi yana tambaya yana rubutawa, sunan yarinya, sunan uba, shekaru, unguwa. Sai ya ce, "Addini?" Bai ma ɗago kai ba. Wallahi da na ce Kirista, rubutawa zai yi ya wuce. Ba wanda ya tsorata ni, ba wanda ya matsa mini. Na ce, "Musulunci." Ni na faɗa da bakina, 'yata tana riƙe da gefen hijabina tana ji.

A hanyar gida na saya mata rake, na zaunar da ita a kan wani dutse na ce, "Hannatu, a makaranta ba a waƙar coci, ba a ambaton Yesu. Abin da kika ga 'yan ajinku suna yi ki yi. Kuma kada ki gaya wa Baba, zai ji ba daɗi." Ta tsotsi rakenta, sannan ta ce, "Mama, Yesu ba ya zuwa makaranta ne?" Na ce yana jiran ki a gida. Shekararta shida. Wace irin uwa ce take faɗa wa 'yar shekara shida haka?

Na yi zaton abin na ɗan lokaci ne, in ta saba da yara sai in koma a gyara. Wata ya wuce, zango ya wuce, yanzu tana aji uku. Kullum in na yi niyya sai in ce bari a gama jarrabawa. Kayan makarantar duk 'yan mata da hijabi suke, don haka babanta bai ga wani abin tambaya ba. Da ya ga makin darasin addini a katin sakamako dariya ya yi, ya ce ilimi ne, ta koya, zai taimake ta zama da mutane. Shi a zatonsa makaranta ta san ko ita wace ce, kawai zama take a ajin. Mutum ne da bai taɓa ɓoye kansa ba. Masu lambu Fasto suke ce masa don tsokana. Wani Bafulatani da yake kawo masa gyara kullum sai ya ce, "Fasto, tofa wa injin nan addu'a mana." Shi kuma ya ce, "Ardo, wannan ba addu'a yake nema ba, baƙin mai kuka hana shi." Su yi ta dariya. In ya dawo yana ba ni labari ni ma sai in yi dariyar yaƙe.

Yarinyar tana da ƙwaƙwalwa, abin da ya ƙara rikita lamarin ke nan. Malamar addininsu, zan kira ta Malama Binta, ta ɗauke ta kamar 'yar cikinta. Ita ta gyara mata riƙon fensir, ita take duba mata kai in kitsonta ya tsufa ta aiko a ce a yi mata sabo. Hannatu ta haddace surori ta wuce 'yan ajinsu, ta iya alwala, in an tsaya salla a makaranta tana cikin sahu. Ni kuma a gida na fara lura da abubuwa. In za mu ci abinci babanta yana addu'a, a da ita take fara rufe ido, har ta matse fuska. Yanzu idonta a buɗe, tana kallon kwano. Sau biyu a wata muke hawa babur mu je coci a ƙauye. Yarinyar da take tsayawa a gaba tana tafi har tsofaffi suna mata guɗa, yanzu tana can baya, bakinta yana motsi amma ba murya. Kakarta ta ce girma ne ya zo da kunya. Na ce haka ne, Inna.

A wannan zangon ne abin ya fi ƙarfina. Wata yarinya 'yar cocinmu ta ƙauye, Rifkatu, aka kawo ta wajen kawunta a Karaye, aka sa ta a makarantar, kuma ajin su Hannatu. Tare suka tashi, tare suke makarantar Lahadi, uwarta muna zumuntar matan coci tare. Hannatu ba ta gaya mini ba. Abin da na gani kawai, duk Talata da Alhamis sai ta tashi da ciwon ciki. Na ba ta jiƙo, na kai ta kemis, aka ba da maganin tsutsa, bai yi ba. Sai daga baya na gane ranakun darasin addini ne.

Wata Alhamis ta manta abincin tara, na bi ta da shi. Na isa daidai an shiga darasin, na tsaya ta bayan taga. Na ji Malama Binta ta ce, cikin taushin murya, "Rifkatu, je ki huta a inuwa, in mun gama zan kira ki." Yarinyar ta tashi da jakarta. Da ta kai bakin ƙofa sai ta tsaya, ta juyo ta kalli Hannatu. Tsayawa kawai ta yi kamar mai jiran a taho. 'Yata ta sunkuyar da kai tana goge allon da ba komai a kansa, tana ta gogewa, har Rifkatu ta fita. Waɗancan yara ukun ba 'yan ajinsu ba ne, don haka ita kaɗai ta zauna. Ban ba da abincin ba. Na juyo da shi gida ina tafe ina kuka, mutane suna yi mini sannu suna zaton rasuwa aka yi.

Da ta dawo na tambaye ta. Ta ce tun ranar farko ta ja Rifkatu bayan aji ta roƙe ta kada ta faɗa wa kowa, kada ma ta nuna ta san ta. Rifkatu ta ce to. Wata biyu yarinyar nan tana riƙe da maganar, ko uwarta ba ta gaya wa ba. Kun ga ƙaryata ta wuce 'yata ta hau kan 'yar mutane.

Shekaranjiya na haɗu da Malama Binta a kasuwa wajen masu kayan miya. Ta rungume ni ta ce, "Maman Hannatu, Allah ya saka miki da alheri. Yarinyar nan tarbiyyarta daga gida take, ana gani." Na ce amin. Ta ce za a yi gasar karatun addini tsakanin makarantu, kuma Hannatu ta zaɓa. Ta ce, "Amma ba na ɗaukar 'yar mutum ba da sanin uba ba. Ranar Asabar da hantsi zan zo in gaishe da maigidan in nemi izini, Hannatu ta kwatanta mini gidan." Ɗakinmu akwai gicciye a bango, akwai kalandar coci. Ko na cire su, mijina zan cire? Matar nan ba ta yi mini komai ba sai alheri. Ita da gaske take koyar da addininta, ni kuma na tura mata 'yata da ƙarya, na bar ta tana sa ta a sahun salla. Ban cuci addinina kaɗai ba, na cuci nata.

Jiya Hannatu ta dawo ba ta cire kayan makaranta ba ta zauna a bakin murhu inda nake tuƙa tuwo. Ta ce, "Mama, yau wani yaro ya tambayi Rifkatu wai ita kaɗai ce Kirista a ajinmu. Ta ce eh, ita kaɗai ce."  Ta ce, "Ta yi ƙarya saboda ni, kuma a makarantar Lahadi an ce ƙarya zunubi ce, Malama ma ta ce haka. Wa za a rubuta wa?" Na ce ni za a rubuta wa. Ta ce, "To ni wace ce? In na faɗi gaskiya Malama za ta daina so na. In ban faɗa ba Baba zai daina." Maimakon in rungume ta sai na daka mata tsawa, na ce ta tashi ta ba ni wuri hayaƙi yana shigar mini ido. Ta tashi. Ba ta yi kuka ba, wannan ya fi komai yi mini ciwo. Ta ɗauki ƙanenta ta goya ta fita tsakar gida.

Na rasa ta inda zan fara. In na gaya wa mijina, ban san ko zai iya sake kallona ba, mutumin da ubansa dattijon coci ne. Ba dukana nake tsoro ba, bai taɓa ba, shirunsa nake tsoro. In na je wajen Malama Binta kafin Asabar, da wane ido zan kalle ta? Kuma ko ita ta yafe, 'yan ajin fa? Abin da ya fi hana ni sukuni shi ne kada a ce yarinya Musulma ce ta bar addini, alhali ba ta taɓa shiga ba, ni na rubuta ta. Wa zai tsaya ya yi wa kowa bayani? Na yi tunanin in mayar da ita ƙauye wajen kakarta ba tare da na ce komai ba, amma in na yi haka na raba ta da karatun da take so, na sake koya mata cewa in abu ya yi nauyi gudu ake yi, kamar yadda ni na gudu a aji huɗu.

'Yan uwa Musulmi, musamman malamai mata, in ke ce Malama Binta, yaya kike so ki ji wannan magana, kuma za ki iya ci gaba da riƙe yarinyar? 'Yan uwa Kirista, na san abin da na yi, ba sai kun tuna mini ba, ku gaya mini yadda ake gyarawa. Ni na yarda a kira ni duk sunan da aka ga dama. Abin da nake nema shi ne hanyar da nauyin zai faɗo a kaina, ba a kan yarinya 'yar shekara takwas ba.

Yau Alhamis. Da safe ta sake cewa cikinta yana ciwo, na bar ta a gida, ga ta nan kwance a tabarma tana kallona ina danna waya. Jibi Malama za ta yi sallama a ƙofarmu, babanta kuma ya ce ranar ba zai fita da wuri ba.

Don Allah, me zan yi?